Sawun da Ya Kewaye Wuta

Lorna ce ta fara ganin hayaƙin. Ta fito zubar da ruwan wanke-wanke a bayan Gidan Kokum, gari bai gama wayewa ba, sai ta tarar bukkar zufa, inda ake shiga turirin duwatsu masu zafi a yi addu'a, ta zama toka. Ga Kisik kwance rub-da-ciki a kan ƙanƙara, jini ya daskare a ƙeyarta, galan ɗin fetur a hannunta na dama, kwalbar giya a na hagu. Da hantsi jirgi ya ɗauke ta zuwa asibitin birni, ba ta san inda kanta yake ba. Kafin jirgin ya ɓace a sama kuwa, mutanen Tafkin Mujiya sun gama shari'a a bakin shinge har sun yanke hukunci.

"Ai dama na faɗa," in ji wata mata, hannuwanta cikin aljihu. "Gordon ne ya yi tatul, ya cinna wa abin wuta, ya faɗi ya fasa kai."

"Abin da ba mace ba, ba namiji ba, a damƙa masa wutar kakanni," in ji wani dattijo. "Me ake jira ya faru?"

Gordon shi ne sunan da fada ya raɗa mata a coci, ta kuma ajiye shi tun da daɗewa. Kisik mai ruhi biyu ce, irin waɗanda tsofaffinmu suka ce a da su ake ba riƙon wuta da jinyar marasa lafiya, kafin makarantun mishan su koya mana jin kunyarsu. Babu wanda bai san sunanta ba a garin nan. Duk wanda ka ji ya ce Gordon, da gangan ya faɗa.

Ana cikin haka Philomene Sewap ta iso a kan babur ɗinta na ƙanƙara. A hayin tafki ta kwana wajen tarkunanta, can aka aika mata. Ta haura sittin, gajera ce, ba ta da sakin fuska, kuma duk wanda ya ɓace a dajin nan, yaro ne ko maharbi ko bugagge, ita ake kira ta bi sawunsa. Ta ratsa taron ba ta gai da kowa ba.

A bakin ƙofar shinge Kokum Angelique na zaune kan kujerar kicin, ta gitta sandarta a hanya. Ita ce uwar gidan, Kokum kuwa a yarenmu kaka ke nan. Ita da wasu tsofaffin mata suka yi ta naci har majalisar gari ta ba su aron wannan gidan katako, inda macen da aka daka za ta gudu ta kwana. Ba a tambayarta me ta yi masa. A ba ta shayi da burodin banok, a gasa mata jiki, idan ta samu natsuwa a shigar da ita bukkar zufa ta yi kukanta a cikin duhu.

"Ban bar kowa ya taka miki ƙasa ba," in ji Kokum, "sai waɗanda suka ɗauke ta."

"Ta sha ne, Kokum?"

"Rigarta ce ta sha. Na sa hancina a bakinta, ba komai sai shayin jiya. Yarinyar da rabonta da kwalba tun kafin a buɗe gidan nan!"

"'Yan sanda fa?"

"An buga musu. Wai sai hanya ta yi kyau." Kokum ta yi tsaki. "Kin taɓa jin hanya ta yi kyau idan macen garinmu ce a kwance?"

Sai ga Cif Halkett, shugaban majalisa, yana gyaran murya kamar mai shirin karanta jawabi. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a ganin Philomene bambancin bai taka kara ya karya ba.

"Kokum, ki yi haƙuri," ya ce. "Gidan da ake shan giya ana ta da gobara, ga yara a ciki, ni ba zan iya kare shi ba. Mutane sun yi mini caa. Da yamma majalisa za ta zauna ta karɓi makullinta."

"Matan da ke ciki fa?" in ji Philomene.

"Ai kowacce tana da gidanta."

Philomene ta waiwaya. Lorna na tsaye a bakin taga da jaririnta a kafaɗa, idonta na hagu har yanzu bai gama buɗewa ba. Gidanta da ake magana, gidan Darrel ne, wanda ya rufe mata idon, kuma Darrel ɗan yayan Philomene ne, ita da ubansa ciki ɗaya suka fito. Philomene ta ce, "Kafin yamma ai da saura," ta ɗaga sandar Kokum ta shige.

* * *

An yi dusar ƙanƙara da maraicen jiya, ta ɗauke kafin mutane su kwanta, don haka ƙasa ta ajiye komai. Ramin wuta yana gabas, ƙofar bukka tana kallonsa, tsakaninsu an shimfiɗa koren ganye. Wannan ita ce hanyar kakanni, ta nan ake bi da jajayen duwatsu daga wuta zuwa cikin bukka, duwatsun da muke kira kakanni. Ba a tsallake ta.

Philomene ta tsuguna. Ga sawun Kisik, ɗan ƙaramin takalmin fata, ya fito daga ƙofar baya a hankali, sannan ya ɓarke da gudu. Bugagge ba ya gudu a miƙe haka. Ga kuma wani sawu, ƙaton takalmin aiki mai zanen haƙora a tafinsa, irin wanda ake ba ma'aikatan haƙar ma'adinai na bayan tudu. Daga titi ya shigo. Bai nufi bukkar kai tsaye ba, ya kewaya ta bayan ramin wuta, ya bi ta kudu. A bayan bukkar kuma ya yi ta kai da komo zuwa gindin itatuwa.

Can ya ɓoye fetur ɗinsa, in ji ta a ranta, ya kewaya ne don kada a hango shi ta taga. Ba ta tsaya bin wannan ba, domin idonta ya riga ya faɗa kan sawu na uku. Tsoho ne, dusar ƙanƙara ta cike rabinsa, takalmin yawo ne. Ya zo ƙarƙashin tagar Lorna ya daɗe a tsaye, da zai tafi ya ratsa ta tsakiyar hanyar kakanni, har da shurin ganyen. Ta san wannan tafiyar tun mai ita yana tatata.

"Darrel," ta ce a fili. "Ɗan banza."

Ta miƙe ke nan ta ji ƙarar babura. Wani mai dogon wuya a bakin shinge ya hango zanen takalmin, kuma kafin ka ce kwabo magana ta juya: Turawan sansanin ma'adinan ne. Samari har sun fara ɗaukar sanduna.

* * *

Ta riga su isa sansanin, ta kewaye shingensa kaf kafin ta yi sallama da kowa. Ƙanƙarar a shafe take, ko kare bai fita ba tun da dusar ta ɗauke.

Shugaban ma'aikatan, wani jan Bature mai mura, ya dubi zanen da ta yi masa da yatsa a ƙasa, ya ɗaga kafaɗa. "Namu ne. Duk wanda ya taɓa aiki a nan mun ba shi irinsa, ba ma karɓa idan ya tafi. Rabin mazan garinku suna da shi."

A hanyar komawa ta tare samarin, ta gitta babur ɗinta a gabansu.

"Ina zuwa?"

"Anti, ki ba mu hanya. Sun taɓa mana mutum."

"Au, yanzu ta zama mutum? Ɗazu a bakin shinge ba kai na ji kana cewa Gordon ya bugu ba? Kai kuma mai jar hula, ba ƙanwarka ce ta kwana biyu a gidan nan bara ba, da haƙori a hannu? Wane Bature ne ya cire mata shi?" Ta tofar da yawu. "Babu wanda ya fita daga sansanin nan. Takalmin da ya yi aikin yana cikin garinku, mai yiwuwa a ƙofar gidan ɗayanku. Ku juya."

Suka juya suna gunaguni.

* * *

Darrel na kwance a doguwar kujera, talabijin na ta surutu, ɗakin na warin taba da tsohuwar miya. Ta kashe talabijin ɗin.

"Tashi."

"Haba Anti, kaina ciwo yake."

"Kan Kisik ma ciwo yake. Me ka je yi a tagar Lorna?"

Ya tashi zaune yana murza ido. "Matata ce fa. Ɗana na je gani. Ko ƙwanƙwasawa ban yi ba, na tsaya na tafi."

"Ka tafi ta kan hanyar kakanni."

"Ganye ne, Anti, ba gada ba. Ni waɗannan abubuwan naku da ku da Baba, ku kuka san su."

Ta ji kamar ta kwaɗa masa mari, ta daure. "Ina takalminka na sansani?"

"Yana barandar Baba tun da suka kore ni. Me zan yi da shi?"

"Fita waje ka taka mini zuwa wancan itacen."

"Da safa kawai, ba takalmi?"

"Da safa. Matarka ba takalmi ta isa Gidan Kokum, ni na bi sawunta."

Ya fita yana zage-zage a ciki-ciki. Ta bi shi da kallo, sai jikinta ya ɗan yi sanyi. Darrel dogo ne, yana wurga ƙafa nesa, yatsunsa suna kallon waje. Mai takalmin da ya ƙone bukka gajeren taku ne da shi, diddigen yana jan ƙasa kamar takalmin ya fi ƙarfinsa, yatsun kuma suna kallon juna, tafiyar mutanen da suka girma a daji. Ta so ƙwarai a ce Darrel ne. Ba shi ba ne.

Ya dawo yana rawar ɗari. "Ni ban taɓa kowa ba. Baba ma cewa ya yi in kwantar da hankalina, kada in sake zuwa, da ƙafarta za ta dawo."

"Yaushe ya faɗa maka haka?"

"Jiya."

* * *

Norbert Sewap, uban Darrel, ya karɓi ƙanwarsa kamar kullum, da shayi mai kauri da busasshen nama. Kowa a garin nan yana tashi tsaye idan Norbert ya shigo. Yana yaro aka kwashe shi zuwa makarantar mishan, aka aske shi, aka dake shi don ya yi yarensa. Da ya dawo, shi ya zauna gaban mahaifinsu ya karɓi komai, shi ya sake ɗaga bukkar zufa a lokacin da mutane ke ɓoye lofen tabarsu na ibada a ƙarƙashin gado. Shekara da shekaru wutar garin a hannunsa take. Philomene tana alfahari da shi, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Sai dai akwai abin da ta sani. Duk macen da ta zo wurinsa da kumburarriyar fuska, magana ɗaya yake mata: ki yi haƙuri, ki koma, gida ba ya tsayuwa sai da mace. Ranar da Kokum Angelique ta ɗaga tata bukkar ta mata, ta ba Kisik riƙon wutar, sai mata suka daina zuwa wurinsa.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Na yi wa yaron addu'a."

"Yarinyar, Nistes." Haka take kiransa, yadda muke kiran babban wa.

Ya yi murmushi kawai. "Na gaya wa Angelique tun farko. Kowane abu da mazauninsa. Maza da wuta, mata da ruwa. Idan aka birkita, abu zai faru. Gidan nan kuma ba ya gyara aure, raba shi yake. Jikana yana can cikin baƙi, ubansa na nan yana lalacewa."

"Ubansa ya kusa cire wa uwarsa ido."

"Kuskure ne. A cikin gida ake gyara shi."

"Takalmin Darrel yana barandarka?"

"Yana nan mana. Ƙofata ba ta da makulli, ke ma kin sani. Kowa na shiga na fita."

Da za ta fita ta gan shi a cikin tarin takalma, an goge shi tas. Ta bi yayanta da kallo lokacin da ya rako ta bakin ƙofa, gajeren takunsa, yatsunsa suna kallon juna. To amma haka ita ma take tafiya, haka duk tsofaffin garin suke tafiya. Ta riƙe wannan da hannu biyu, ta hau babur ɗinta.

* * *

Rana ta karkata lokacin da ta koma bayan Gidan Kokum. Tokar ta huce. Ta sa sanda ta janye ƙonannun barguna da ragowar sandunan bukkar, har ta kai ga ramin tsakiya. Babu komai a ciki.

"Kokum! Jiya kun shiga zufa?"

"Mun shiga, saboda Lorna."

"Kisik ta fitar da kakanni?"

"A'a. Muna barinsu su huce. Da asuba take kwashe su, ai abin da ya fito da ita ke nan da sassafe."

Philomene ta koma bayan bukkar, wurin kai da komon nan da ta raina da safe, ta durƙusa ta duba da kyau. Haushin kanta ya kama ta. Wanda ya ɗauko fetur daga gindin itace, sawunsa zai nutse idan yana zuwa, ya yi sauƙi idan yana komawa. Wannan akasin haka ne. Da kaya yake barin bukkar, hannu sake yake dawowa. Ta sake duban kewayen da ya yi a farko. Ba taga yake gudu ba, domin ta kudu ma ana hango shi sarai. Ya bi ta inda rana ke bi ne, kamar yadda ake shiga wurin ibada, ya ƙi tsallake hanyar kakanni. Ko bayan da ya bugi Kisik, ya jawo mata galan da kwalba, da zai gudu zuwa titi sai da ya sake kewayawa.

Ta bi sawun zuwa gindin wani babban itace. An rufe wani abu da rassa, an gyara su tsaf. Ta ɗaga. Duwatsun ne, an jera su a da'ira, ko ƙwarzane babu. A kan kowanne an ajiye ɗan tsunkulin taba.

Ta ɗebi kaɗan a tafin hannunta ta kai hanci. Ba tabar kanti ba ce. Akwai ɓawon jan itacen bakin tafki, akwai na'ana'ar daji, can ƙasa kuma akwai ɗacin wata saiwa da mahaifinsu yake ƙarawa, wadda bai nuna wa kowa inda take fitowa ba sai 'ya'yansa biyu.

Ta daɗe a durƙushe. Kokum ta taho a hankali da sandarta, ta tsaya a kanta, ta dubi duwatsun, ta dubi tafin hannun.

"Kin san mai ita."

"Na sani."

"Za ki iya?"

Philomene ta share fuskarta da bayan hannu. Ba baƙin ciki ne ya fi yawa a ranta ba, fushi ne, irin wanda ke sa haƙora su haɗu. Ta yagi gefen ƙyallen da ke wuyanta, ta tattara tabar ta ƙulle.

* * *

Zauren gari ya cika maƙil, ga tukunyar miyar nama a kan tebur kamar an zo biki. 'Yan majalisa na gaba, Norbert na zaune kusa da su a kujerar dattawa. Darrel na can baya ya jingina da bango. Shugaban ma'aikatan sansani ma ya zo, wai don kada a yi da shi a bayansa. Kokum ta shigo da matanta, Lorna a tsakiya, ta ajiye makullin gidan a kan teburin Cif da ƙara.

"Ga shi nan. Mai ƙarfin hali ya ɗauka."

Cif Halkett ya fara bayani a kan lafiyar yara da sunan gari. Philomene ba ta jira ya gama ba.

"Kisik ba ta ƙone bukka ba," ta ce. "Da gudu ta fito don ta kashe wuta, aka buge ta ta baya, aka zuba mata giya a riga don a shafa mata kashin kaji. Ku kuwa ko tambaya ba ku yi ba, kuka haɗiye, don dama yunwarsa kuke ji."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya nuna Baturen, wata ta juya tana hararar Darrel.

"Ba shi ba ne, babu wanda ya fita daga sansani. Ba Darrel ba ne kuma. Darrel matsoraci ne mai dukan mata, amma da shi ne da ya bi ta kan hanyar kakanni ya wuce, don bai san darajarta ba. Wanda ya yi aikin nan ya san darajarta. Ya kewaya ta inda rana ke bi. Kafin ya zuba fetur sai da ya kwashe kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya kai su gindin itace, ya rufe su da rassa, ya ba su taba yana neman gafararsu."

Hayaniyar ta mutu. Mutanen da suka san wannan ladabin har su yi shi ba tare da tunani ba, ba su da yawa a garin, kuma duk a layin gaba suke zaune.

Philomene ta taka zuwa gaban yayanta, ta kwance ƙullin, ta miƙa masa da hannu biyu. Kowa a zauren ya san abin da take yi. Idan aka miƙa maka taba aka yi maka tambaya, in ka karɓa, gaskiya kaɗai za ka faɗa. In ba za ka iya ba, sai ka bar ta a hannun mai ita, kowa kuma ya gani. Norbert da kansa ya koya wa rabin mutanen da ke wurin wannan.

"Nistes," ta ce, "ga taba. Ka shinshina, ka san haɗin wane ne. Mu biyu Baba ya koya wa, ni kuwa a hayin tafki na kwana. Ina tambayarka: wa ya bugi Kisik?"

Ya dubi tabar. Ya dubi hannuwansa da ke kan gwiwa. Da ya iya ƙarya a kan taba, da tun farko bai tsaya ba duwatsu ita ba. A hankali ya miƙa hannu ya karɓa.

"Ban je don in taɓa kowa ba," ya ce. "Bukkar kawai na je wa. An ɗaga ta ba bisa ƙa'ida ba, tana raba mutane da gidajensu. Sai yaron ya fito da gudu yana ihu, ga shebur a hannuna..." Ya ɗaga kai, idonsa ya yi ja. "Na tsare abin da aka bar mana ne! Ni aka daka saboda shi, ba ku ba. Kakanni kuwa ban bari wuta ta taɓa su ba."

"Ka kyauta!" in ji Philomene, sai da zauren ya amsa. "Ka tsaya ka ɗauki duwatsu kamar jarirai, ka lulluɓe su kada su ji sanyi. Mutum kuma ka bar ta kwance da fasasshen kai a kan ƙanƙara, ko bargo ba ka jefa mata ba. Giya ka zuba mata! Baba ne ya koya maka wannan? A wace bukka?"

Daga baya aka ji ƙofa ta buga, Darrel ne ya fice.

Kokum Angelique ta dogara sandarta ta matso gaban tebur. "Halkett, za ka ɗauki makullin ko in ɗauka?"

Cif ya yi tsuru-tsuru, ya tura mata shi da yatsa ɗaya, kamar abin yana da zafi. Ta miƙa wa Lorna ta ce ta riƙe.

Lokacin da maza biyu suka ɗaga Norbert za su kai shi ofishin majalisa ya jira 'yan sanda, ya tsaya daidai ƙanwarsa. Bai dube ta ba.

"Daga yau ba ni da ƙanwa."

"Na ji, Nistes," ta ce.

* * *

Washegari 'yan sanda suka iso, hanya ta yi kyau ke nan. Philomene ba ta je kallo ba. Tana bakin tafki ita da Lorna suna saran sababbin sanduna, wasu matan da jiya suke bakin shinge suna kiran Kisik Gordon, sun kawo barguna a sace, sun ajiye a ƙofar gida ba su bari an ga fuskarsu ba. Kokum ta karɓa, amma ta ce ta san bargon kowa.

Da suka dawo da sandunan suka tarar Kokum a kicin da waya a kunne, hawaye na bin kumatunta. Ta miƙa wa Philomene.

"Ta farka. Ke take nema."

Muryar ta fito can ƙasa, a shaƙe. "Anti? An ce ke kika bi sawu. Ni ban tuna komai ba, hayaƙi kawai na gani na ruga." Ta mai da numfashi. "Anti, kakanni suna ciki fa. Ban samu na kwashe su ba. An fitar da su?"

Philomene ta dubi sandunan da ke jingine a bango, ta dubi Lorna da makulli rataye a wuyanta.

"An fitar da su, Kisik," ta ce. "Su aka fara fitarwa."